Fita Shaƙatawa da Iyali a Kan Ruwa: Daga Tekun Ƙanƙara Zuwa Dam Ɗin Challawa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kurugu da Tudun Kaya da Turawa da cikin garin Karaye, har zuwa Rogo da kewayenta. Shirinmu na musamman na yau zai duba fita yawon buɗe ido da iyali a cikin jirgin ruwa: yadda ake yi a ƙasashen ƙanƙara, da yadda mu ma za mu yi a nan gida, mu je lafiya mu dawo lafiya. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

Bari mu fara da can nesa. A jihar Alaska ta ƙasar Amurka akwai wani mashigin teku da ake kira Glacier Bay. Dusar ƙanƙara ce ke zuba a kan tsaunukan wurin shekara da shekaru, sabuwa na danne tsohuwa, har ta dunƙule ta koma shuɗiya, ta riƙa gangarowa sannu a hankali zuwa bakin teku. Idan ta iso, sai ɓangare guda ya ɓalle ya faɗa ruwa da ƙara kamar tsawa. Wannan ne abin da iyalai ke tara kuɗi domin su je su gani da idonsu.

Wurin yana da tarihi mai ban mamaki. A shekarar 1794, lokacin da matuƙin jirgin Ingila George Vancouver ya bi ta gaɓar, kusan duk mashigin a toshe yake da ƙanƙara. Da wani mai bincike, John Muir, ya je a 1879, ya tarar ta ja da baya kimanin kilomita 48. A yau jirgi na iya kutsawa fiye da kilomita 100 a inda dā babu hanya.

Jiragen da ke kai mutane can manya ne, masu ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da ɗakin shan magani. Galibi daga Seattle ta Amurka ko Vancouver ta Kanada suke tashi, tafiyar ta kan ɗauki mako guda, kuma daga watan Mayu zuwa Satumba ake yin ta, sa'ad da sanyi ya ɗan sassauta. Bahaushen da Allah ya hore wa hali, ya yi niyyar kai iyalinsa, sai ya fara da neman biza tun da wuri. Ya zaɓi ɗaki gwargwadon aljihunsa, domin mai taga ya fi na ciki tsada. Ya sanar da kamfani tun kafin tafiya cewa abincin halal yake so. Ya kuma san cewa a watan Yuni rana kan kai kimanin awa 18 a sama a birnin Juneau, don haka lokutan salla sun sha bamban da na Kano, ga alƙibla na sauyawa duk sanda jirgi ya juya.

Amma abin da ya fi jan hankalina a wannan tafiya shi ne tsari. Hukumar da ke kula da Glacier Bay ba ta barin manyan jirage fiye da biyu su shiga a rana. Kowane fasinja an rubuta sunansa, har jariri. Kuma kafin jirgi ya bar tasha, ko da zarar ya tashi, wajibi ne a nuna wa kowa inda rigarsa ta kariya take da inda zai nufa idan an busa ƙaho. Da rayuka aka sayi wannan doka. Nutsewar jirgin Titanic a 1912, bayan ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ita ta haifar da yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku a 1914. Kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, ita ta sa aka ƙara tsaurara ta.

(Kiɗa)

To, mu dawo gida. Mai sauraro a Kurugu zai ce, Malam, ina ni ina Alaska? Gaskiyarka. Sai dai Allah bai bar mu haka ba. A ƙaramar hukumarmu ta Karaye ga dam ɗin Challawa, wanda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonsa mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita takwas, kuma idan ya cika yana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Daga nan ruwan ke gangarawa ya haɗu da kogin Kano, su zama kogin Haɗeja, ya shayar da birnin Kano da gonaki har cikin Jigawa. Akwai yara da yawa a garuruwanmu da suke cin karfasa da tarwaɗar wannan ruwa, amma ba su taɓa tsayawa a bakinsa ba.

Mu ma muna da lokacin sanyinmu. Daga Disamba zuwa Janairu, damina ta wuce ta bar dam da ruwa, an gama girbi, 'yan makaranta na hutu, rana ba ta da zafi. Ka je da hantsi ka ga masunta na watsa birgi, zalɓe na tsaye a gefe yana dako, balbelu na bin shanu a gaɓa, masu noman rani na ban ruwa. Yaron da ya ga wannan zai fahimci darasin da malaminsa ya daɗe yana zana masa a allo. Gani ya kori ji. Magidancin da ya ɗauki uwargida da yara ya kai su, ya yi abin yabo, domin iyali na da haƙƙin hutu da nishaɗi.

Sai dai ba za mu yi maganar shiga jirgi a jihar Kano ba tare da tuna Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da za su je Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, kuma abin da aka fi dangantawa da hatsarin shi ne lodi fiye da ƙima. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ajali gaskiya ne, amma addininmu bai ce mu bar sababi ba.

Saboda haka, maigida, ga abin da za ka yi tun kafin ranar fita. Ka je bakin ruwa kai kaɗai, ka nemi Sarkin Ruwa ko dattawan masunta, ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce, ranka ya daɗe, iyali nake so in kawo, wane mai fito za ka ba ni? Su suka san inda ruwa ke da zurfi da inda kututturan itatuwan da dam ya shafe suke kwance. Ka duba jirgin da idonka. Idan ka ga ana kwalfar ruwa daga cikinsa ba ƙaƙƙautawa, ka nemi wani. Ka tambayi mai shi mutum nawa yake ɗauka, kuma ka lissafa goyo a matsayin mutum. Idan kun fi ƙarfin jirgi, a yi sawu biyu. Kuɗin fito sau biyu bai kai ran yaro ɗaya ba.

Rigar kariya kuwa ba ta masu tsoro ba ce. Ko gwanin iyo, idan ya faɗa ruwan sanyi da babbar riga ko rigar sanyi, kayan kan jiƙe su yi nauyi, gaɓoɓi su sandare. Uwa mai dogon hijabi da goyo a baya ta fi kowa shiga haɗari, don haka a kwance goyo a riƙe shi a gaba. A ɗaura rigar kariya a saman tufafi, a tsuke igiyoyinta, kuma ta yaro ta zama daidai jikinsa, domin ta babba za ta suɓule masa ta kai. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sanya ta, ta kuma hana tafiyar dare.

A lura da yanayi. Ranar da hazo ya rufe har ba a hango ɗaya gaɓar, ko iskar hunturu ta tayar da igiyar ruwa, a haƙura a zauna a gaɓa, a ci gasasshen kifi, a dawo wata rana. A shiga ruwa da hantsi, a fito kafin la'asar. A cikin jirgi kowa ya zauna, kada a miƙe don ɗaukar hoto, kada a karkata gefe guda don kallon wani abu. A tanadi hulunan sanyi da man shafawa da shayi a fulas da ruwan sha daga gida. A kuma hana yara wanka a gefen dam, domin a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. A ƙarshe, a bar wa wani a gida sunayen waɗanda suka tafi da lokacin da ake sa ran dawowarsu.

Za a ce rigunan sun yi wa talaka tsada. Haka ne, idan mutum ɗaya zai saya. Amma makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin ci gaban gari da ƙungiyar masunta za su iya yin karo-karo su ajiye wasu a hannun Sarkin Ruwa, ana ba da haya a kan kuɗi kaɗan. Muna kuma kira ga ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da masarautar Karaye, su sa hannu a rubuta adadin fasinja a jikin kowane jirgin fito, a kuma sa wanda zai tabbatar ba a ƙetare shi ba. Mu da muke kwana muna tashi kusa da wannan ruwa, mu ya fi kamata mu fara.

Masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen shirinmu na musamman na yau. A madadin duk waɗanda suka taimaka, nake cewa Allah ya tsare mu da iyalanmu a tudu da ruwa. Mu huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)