Wanda ya tashi da wanda ya faɗi

Bayan sallar idi wani mushe, wato malamin makaranta, a Safo ya shigo aji da balan-balan biyu, girmansu ɗaya, robarsu ɗaya. Ɗaya ya sayo a Maradi wajen mai talla, ɗayan da bakinsa ya hura. Ya sake su. Na Maradi ya haye ya manne da rufi, nasa ya sulale ƙasa.

"Mushe, na Maradi ya fi zafi," in ji wata yarinya. Aka taɓa, duk ɗaya. Wani ya zargi robar, aka ajiye wannan ma, tunda irinsu guda. Saura abin da ke ciki.

A nan yaran suka cije, don a ganinsu iska ba ta da nauyi. Tana da shi kuwa: lita ɗaya ta kai wajen giram 1.2. Balan-balan mai lita 10 yana ture iska giram 12 daga wurinta, ita kuma ta tokare shi sama da ƙarfin giram 12 daidai. Duk wanda ya ga masunci kwance bisa gora a tabkin Madarunfa ya ga wannan doka ta Arkimidis, sai dai can ruwa ke tokarewa.

Sai lissafi. Numfashin mushe iska ce, giram 12, ga roba kamar giram 3: 15 ke nan, ya rinjayi tokarar, dole ya faɗi. Na Maradi kuwa, a ce iskar hiliyam ce a cikinsa: lita 10 ba ta cika giram 2 ba. Da roba ya zama 5, tokara 12, me zai riƙe shi?

Washegari aka tarar da gwanin tashin a ƙasa, ya yamutse, ƙullin bakinsa kuma bai kwance ba. Ƙwayoyin iskar ƙanana ne ƙwarai, ta jikin robar suka silale cikin dare.

To amma hiliyam ce ma? Tana da tsada. Wasu masu talla sodar sabulu suke haɗawa da alminiyam su sami haidurojin, iskar da Jacques Charles ya tashi da ita sama a Faransa a 1783. Ta fi hiliyam sauƙi, amma tana kama wuta nan take. Malamai da iyaye, kada yaro ya kai balan-balan mai tashi kusa da murhu ko ashana.