Ƙarar Da Ba Ta Kamata Ki Raina Ba

 Wannan mako zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan biri da gada? Mota ai sha'anin maza ce." To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, gama ke ce kike zaune a ciki da goyo a cinya, ke ce kuwa za ki fara jin abin da direba ya saba da shi har ya daina kula.

Hutun da ya wuce na raka gwaggona biki a kan tsaunin Mambila. Duk wadda ta taɓa zuwa Gembu ta san in an nufi ƙauyuka, tsohuwar Land Rover ita ce jakin wurin. A Ingila aka fara ƙera wannan mota cikin 1948, waɗansu da ke aiki a can kuwa sun girmi direbobinsu. Da asuba aka ta da tamu, sai na ji injin yana wata ƙara, tak-tak-tak, kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Na yi magana, karen mota ya ce, "Ai in ta yi zafi za ta daina." Ta kuwa daina. Saboda sanyi muka rufe tagogi duka. Ba mu yi awa guda ba kan gwaggo ya fara sarawa, ni zuciyata na tashi, jaririyar da ke hannun wata mata ta yi laƙwas, ta ƙi nono. Muka ɗauka kwanar hanya ce. Allah ya sa taya ta sace, muka fito muka sha iska, hankalinmu ya komo. Da muka isa gari wani tsohon makaniki ya buɗe bonet ya nuna mini dalili.

Ga yadda abin yake. Injin irin wannan mota yana da tukwane huɗu da ake kira silinda, a cikinsu mai ke ƙonewa. Kowace tana fid da hayaƙinta ta ƙofarta. Akwai wani baƙin ƙarfe mai rassa, makanikai na ce masa manifol, an ɗaure shi jikin injin da notina. Shi ke tara hayaƙin ya miƙa wa salansa, ita kuma ta kai shi bayan mota. Tsakaninsa da injin akwai wata 'yar shimfiɗa mai jure wuta, watau gaskit. Yau zafi gobe sanyi, shekara da shekaru, sai gaskit ɗin ya ƙone, ko noti ya saki, ko ƙarfen ya karkace ko ya tsage. Da safe ƙarfe na sanyi, kafar a buɗe take, shi ya sa ƙara ta fi yawa. In ya ɗau zafi sai ya kumbura, kafar ta matse, ƙarar ta ragu. Amma raguwar ƙara ba warkewa ba ce.

Wannan wuri kuwa dab yake da ƙafafun masu zama gaba, ga tsohuwar mota ba ta rasa huji da tsatsa. Cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita har sau 200 da wani abu. Da fari ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, wani daga nan ba ya farkawa. Mai ciki da jariri su suka fi saurin jin jiki.

Gyaran ba na asiri ba ne. Ki san shi, don kada a yi wa maigidanki aikin ganin ido. Da fari a bar injin ya huce sarai. A duba bakin mahaɗar: inda hayaƙi ke tsira za a ga baƙin kunkunniya. In ba a gani ba, a shafa ruwan sabulu a ta da injin yana sanyi, wurin zai yi kumfa, sai dai a kiyayi fanka. Sa'an nan a jiƙa notinan da man sassauta tsatsa su kwana, gama gaggawa ita ke karya su, wanda ya karye a ciki kuwa sai an huda an ciro shi. In an kwance, a kankare tsohon gaskit tas. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar manifol ɗin. In haske na wucewa ta ƙarƙashi, ya karkace, sai a kai shi inji ya daidaita. In ya tsage, sauyawa ta fi, domin irin wannan ƙarfe ba ya son waldar gaggawa, sai an gasa shi tukuna an bar shi ya huce sannu. Daga nan a sa sabon gaskit, a ɗaure notina daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Notin tagulla ya fi, don ba ya cijewa da tsatsa. Bayan motar ta yi tafiya ta huce, a sake bin su da sifana. Kada ki yarda da gwangwanin madara da waya, ko liƙin danƙo. Wannan ɓoye ciwo ne.

Kafin a gyara fa? Kada a rufe tagogi duka, kome sanyi. Kada a bar yara cikin mota injin na aiki a gareji. In mutum biyu ko uku sun kama ciwon kai lokaci guda, ki sa a tsaya, kowa ya fito, wanda ya galabaita a kai shi asibiti a gaya musu hayaƙi ya shaƙa. Ki sani kuma wannan gubar ita ce ke fita daga kaskon gawayi da janareta, don haka kada ɗayansu ya kwana da ku a ɗaki.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Ke kuma uwargida, ki faɗa wa maigida cikin ladabi, amma ki nace. Kuɗin gaskit bai kai na jinya ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.