Tsohuwar Kwamfuta, Sabon Rumbun Kallo na Gida

A gidaje da yawa akwai ta. Tana saman durowa ko ƙarƙashin gado, cikin jakar da ƙura ta rufe, maɓalli ɗaya ya ɓalle, allon ya ɗan tsage a gefe. 'Yar gwanjo aka sayo ta shekaru goma da suka wuce, maigida ya yi karatu da ita, yara suka koyi buga rubutu a kanta, sannan ta fara nauyi, aka sayi babbar waya aka manta da ita. An taɓa kai ta kasuwa, abin da aka taya bai taka kara ya karya ba, aka dawo da ita gida.

Irinta sun ƙaru tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: sai kwamfutar da ke da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma yawanci sai furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutoci masu lafiya tsaf sun faɗi wannan jarrabawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an sake sarrafawa yadda ya dace. Wanda ya san Agbogbloshie a Accra kafin a rushe wurin a 2021, inda samari ke ƙona wayoyin lantarki cikin baƙin hayaƙi don su ciro tagulla, ya ga inda wani ɓangare na sauran ke ƙarewa.

Alhali kwamfutar da ta gaza ɗaukar sabon Windows tana iya wani aiki ba tare da ko gumi ba. Masu sana'ar suna kiran aikin saba, wato kwamfutar da ake ajiyewa a lungu, babu mai zama gabanta, nata kawai ta riƙe kaya ta miƙa wa wanda ya nema. A Kano ko Zariya ko Maraɗi kowa ya san shagon masu turi, inda ake miƙa waya ko memori a cika da finafinai da waƙoƙi. To, saba mai turin gida ce, sai dai ba ta cika wa kowa waya. Fim yana zaune a cikinta, uwargida na kallonsa a talabijin ɗin falo, yaro na kallon zanen yara a wayarsa a ɗaki, maigida na sauraron tafsiri a zaure, duk a lokaci guda.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne duk wannan ba ya cin data. Rauta, wato ƙaramar na'urar da ke raba Wi-Fi, tana haɗa na'urorin gida da junansu ko da babu ko kwabo a layinta. Bidiyon daga kwamfuta yake tashi, ya bi ta rauta, ya sauka a waya, bai leƙa intanet ba. A ƙasar da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Awa ɗaya ta kallo mai tsabta a Netflix tana iya lashe giga 3. Yaron da ya maimaita zane ɗaya sau goma a intanet, sau goma aka biya.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da tarihi mai daɗi. A 2002 wasu masu sha'awa suka rubuta wata manhaja don na'urar wasan Xbox ta riƙa nuna bidiyo. Ita ce ta zama XBMC, kuma a 2014 aka sake mata suna Kodi. Daga jikinta Plex ya ɓalle, ya zama kamfani. Akwai kuma Emby, wadda da farko kowa na iya duba yadda aka gina ta, sai a Disamba 2018 masu ita suka rufe ƙofa. Wasu daga cikin masu amfani da ita suka ɗauki abin da ke buɗe suka ci gaba da shi da sunan Jellyfin.

Plex ya fi ƙyalli, ya fi sauƙin girkawa. Amma yana son a buɗe asusu a shafinsa, kuma tun Afrilun 2025 kallo daga wajen gida ya koma na kuɗi, rajistar har abada ta tashi a lokacin daga kusan dala 120 zuwa kusan 250. Jellyfin kyauta ce ɗungurungum, ba ta neman asusu a ko'ina, ba ta damu ba ko da intanet ya ɗauke mako guda. Ga gidan da dalilinsa na farko shi ne gudun kashe data, ita ce ta fi dacewa.

Girkawar aikin yamma ɗaya ne. A fara kwashe duk abin da ake so daga tsohuwar kwamfutar, a goge ta, a sa mata Linux, ko Ubuntu ko Debian ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi. Ram giga 4 ya isa. A sa Jellyfin, a jona kwamfutar da rauta ta kebul, domin kebul ya fi Wi-Fi tsayawa. A gaya wa rauta ta riƙa ba ta adireshi ɗaya kullum, irin 192.168.0.10, don kada gobe wayoyi su neme ta su rasa. Daga nan duk wanda ya rubuta wannan adireshi a burawzar wayarsa, ya ƙara :8096 a ƙarshe, zai ga shafin ya buɗe, finafinai jere da hotunansu. Kowa na da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma ana iya ware wa yara abin da za su gani su kaɗai. In aka tsaya a tsakiyar fim saboda an kira sallah, manhajar tana riƙe wurin.

Wuri ɗaya ne tsohuwar kwamfuta kan yi nishi. Idan waya ko talabijin ba ta gane tsarin da aka naɗe bidiyon a kai ba, dole saba ta riƙa juya shi zuwa wani tsari a daidai lokacin da ake kallo, sai a ji fanka na kuka, hoto na tsayawa. Yawancin furosesan Intel tun daga 2011 suna da wani sashe mai suna Quick Sync da ke ɗauke wannan nauyi, a kunna shi a cikin manhajar. Mafi sauƙi ma, a riƙa ajiye bidiyo a tsarin H.264, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa kai tsaye.

Sai batun wuta, wanda shi ne gaskiyar maganar. Tsohuwar kwamfutar tebur tana iya shan wat 60 ko tana zaune ba ta komai. A bar ta dare da rana, a wata ta sha yunit 43. Ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, kusan naira dubu 9 ke nan. Kwamfutar cinya da aka kashe allonta tana shan kamar wat 10, yunit 7 a wata, wajen naira 1,500, kuma ƙaramar sola ma tana ɗaukarta. Sannan tana da abin da ta tebur ba ta da shi: batir. In an ɗauke wuta ba ta mutuwa farat ɗaya, kuma irin wannan mutuwar ce ke lalata faifan ajiya. Ko batirin minti 20 kawai yake riƙewa, ya isa a tayar da janareto ko a kashe ta a tsanake. Sai dai a duba shi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga maɓallai, a cire shi ranar, domin yana iya kama wuta. A kuma saita ta kada ta yi barci in an rufe murfin, a ɗora ta kan abu mai tauri inda iska ke ratsawa, ba kan katifa ko darduma ba. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna toshe fanka, don haka a riƙa hure ta lokaci-lokaci.

Faifai mai tera 1 yana ɗaukar finafinai kusan 500 masu giga 2 kowanne. Me za a zuba? A nan akwai haƙƙin mutane. Satar fasaha ta daɗe tana cin masu shirya finafinan Kannywood, tana cikin abin da ya kashe musu kasuwar faifai, kuma cika rumbu da gumin wani ba tare da biya ba ƙara musu ciwo ne. Abin da aka saya, da abin da masu shi suka sake kyauta, sun isa su cika faifai.

Amma abin da ya fi cancantar wannan wuri shi ne wanda babu shi a Netflix ko YouTube. Bidiyon bikin da aka ɗauka a faifan CD wanda yanzu ya fara karcewa. Hotunan suna da na saukar Alƙur'ani da ke warwatse a wayoyi biyar, waya ɗaya ta faɗa ruwa su tafi. Muryar kaka da wani ya naɗa tana ba da labarin garinsu. Kaset-kaset na tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ko na waƙoƙin Mamman Shata da mahaifi ya bari a kwali, waɗanda za a iya juyewa da tsohuwar rediyo mai kaset da kebul ɗaya da manhajar Audacity.

Irin waɗannan ba a bar su a faifai guda. Faifan da ya shekara goma yana juyawa yana iya tsayawa ba sallama, wani lokaci yakan fara da ɗan ƙara, ƙas-ƙas, wani lokaci ko wannan babu. Fim in ya ɓace a sake nemo shi, bidiyon bikin iyaye kuwa kwafi ɗaya ne. A sayi faifai na biyu na waje, a riƙa kwafe waɗannan kayan iyali a kansa duk ƙarshen wata, a zare shi daga kwamfutar, a kai shi gidan wani ɗan'uwa a ajiye.