Rabe-raben Kuskuren Ɗan Adam a Haɗurran Jiragen Ƙasa

Duk lokacin da jirgin ƙasa ya yi haɗari, abin da aka fi saurin faɗa shi ne "sakacin direba". Sai dai wannan furuci bai wadatar da masu bincike ba, domin bai nuna abin da za a gyara ba, balle kuɗin da gyaran zai ci. Saboda haka ne suke rarraba kuskuren ɗan Adam gida-gida.

Rabon da ya fi shahara shi ne na Farfesa James Reason na Jami'ar Manchester a Ingila, wanda ya bayyana a littafinsa na 1990. Ya kasa kuskure kashi huɗu.

Na farko shi ne suɓutar hannu, inda ma'aikaci ya yi niyyar daidai amma ya aikata wani abu dabam, kamar mai juya layi ya karkata jirgi zuwa layin da bai nufa ba. Na biyu shi ne mantuwa ko shagala. A watan Yulin 2013, kusa da Santiago de Compostela a ƙasar Sifen, wani direba da kiran waya ya ɗauke wa hankali ya shiga kwana da gudun kilomita 179 a awa, alhali ƙa'ida 80 ce, mutane kimanin 80 suka rasu. Na uku shi ne kuskuren fahimta, wato ma'aikaci ya aiwatar da shirinsa daidai, amma shirin ne gurgu, kamar shugaban tasha ya ba jirgi hanya bisa zaton layin babu kowa. Na huɗu kuwa shi ne keta doka da gangan. A watan Maris na 2023, jirgin ƙasa ya buge wata motar ma'aikata a mararrabar dogo da ke Ikeja a Legas, mutane shida suka rasu, hukumomi kuma suka ce direban motar ya ƙi bin umarnin masu tsaron mararrabar.

Bayan waɗannan, Reason ya bambanta kuskuren da ake gani a fili da ɓoyayyen lahanin da ya daɗe kwance cikin tsarin aiki. Haɗarin Clapham Junction na Landan a Disamban 1988, wanda ya ci rayuka 35, ya samo asali ne daga tsohuwar wayar sigina da wani ma'aikaci ya bari ba a killace ba. Amma bincike ya gano cewa mutumin ya yi makonni 13 yana aiki kusan babu hutu, kuma babu wanda ya duba aikinsa. Haka nan a Ladbroke Grove a 1999, inda mutane 31 suka rasu, siginar da direban ya wuce tana da wuyar hangowa, kuma an riga an wuce ta tana ja har sau takwas cikin shekaru shida.

Amfanin wannan rabo ga tattalin arziki a bayyane yake, domin kowace cuta da maganinta. Suɓutar hannu da shagala suna bukatar na'urar da ke taka birki da kanta da kuma ƙayyade sa'o'in aiki. Kuskuren fahimta yana bukatar horo, keta doka kuwa sa ido da hukunci. Hukumar da ta kori direba alhali lahanin yana jikin sigina, ta kashe maciji ne ba ta sare kansa ba, kuma fasinjoji, masu kaya da kamfanonin inshora su ne za su sake ɗaukar asarar.

A Nijeriya, dokar 2022 ta ɗora binciken haɗurran jiragen ƙasa a kan hukumar NSIB. Ya kamata 'yan kasuwar da ke dogaro da layin dogo su riƙa karanta rahotanninta, suna lura da rukunin da aka sanya kowane kuskure da kuma gyaran da ya biyo baya.