Zaɓen Kukar Girki da Abin Yi Idan Gilashinta Ya Tsage

Kukar girki, wato murhun zamani mai aiki da gas ko lantarki, ta samu gurbi a kayan ɗakin amarya a biranen ƙasar Hausa, sai dai sau da yawa kyan gani ne ke jan mai saye, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne tsayuwar wuta a unguwar da kuma irin tukwanen gidan.

Kukar gas ita ta fi dacewa da inda ake yawan ɗauke wuta, kuma ba ta ƙin kowace tukunya. Gas ɗin da ake ɗurawa a silinda mai kilo 6 ko 12.5 ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya yi yoyo kwanciya yake yi a ƙasan kicin, kuma da kumfar sabulu ake gano yoyon a mahaɗar tiyo, ba da ashana ba. Lafiyayyen harshen wuta shuɗi ne, idan kuwa ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, to galibi ƙofofin kan murhun ne suka toshe.

Kukar indakshan kuwa ba ta da harshen wuta, domin naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe ce a ƙarƙashin gilashi take haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya zafafa gindin tukunyar kai tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa tukunyar alminiyam, wadda ita ce mafi yawa a gidaje, ba ta ko ɗumi a kanta, kuma duk tukunyar da maganaɗisu bai kama gindinta ba haka za ta yi. Kai ɗaya kan ja kusan wat 2,000, nauyin da ƙaramin janareta ba ya ɗauka, balle a yi maganar tuƙin tuwo, wanda danna muciya da jijjigar tukunya a cikinsa ba aikin gilashi ba ne.

Idan saman ya lalace, wajibi ne a bambanta ƙarzuwa da tsagewa. Ƙarzuwa muni kawai take jawowa, amma tsaga, komai sirantarta, hanya ce da ruwa ko romo zai bi ya isa ga kayan wuta masu ɗauke da bolt 230, kuma zafi da sanyi za su ci gaba da buɗa ta. Abin yi shi ne a kashe kukar daga soket, ko a rufe silinda idan ta gas ce mai saman gilashi, sannan a kira ƙwararren mai gyara ya sauya gilashin ɗungurungum bisa lambar samfurin kukar. Liƙi da gam ba gyara ba ne, kuma idan kuɗin sabon gilashi ya kusa kamo na sabuwar kuka, sayen sabuwa ya fi, musamman mai saman ƙarfe ga gidan da ake ɗora manyan tukwane.