Ciwon Sukari da Gigin Tsufa

Ana jawo hankalin Hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Rano da Kibiya, ga wani al'amari da ya shafi dattawa masu ciwon sukari.

Ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki. In ya hau ya daɗe, sai ya ɓata ƙananan jijiyoyinta. In kuwa ya faɗi ƙwarai, sai ta rasa abincinta. A 2009 likitocin Kalifoniya ta Amurka suka bayyana bincikensu kan tsofaffi 16,667 masu ciwon. Waɗanda faɗuwar sukari ta kai su asibiti sau uku ko fiye, haɗarin gigin tsufa gare su ya kusan ninka na waɗanda ba ta kai ba.

Manomin Fassi da ya sha magani ya tafi gona bai karya kumallo ba, sukarinsa na iya faɗuwa. Alamun su ne karkarwa da zufa da jiri. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari, sa'an nan a kai shi asibitin Rano.

Lalle a umarci dagatai su sanar da talakawa. Mai ciwon kuma ya shawarci likita kafin azumi.