Me ya sa ruwan sama ya fi sauka a tsaunin Mambila?

Manomin shinkafa a Dusuman, cikin ƙaramar hukumar Jere kusa da Maiduguri, ya san damina ba ta daɗewa. Daga Yuni zuwa Satumba ne, kuma abin da Maiduguri ke samu a shekara bai fi wajen milimita 600 ba. A tsaunin Mambila na jihar Taraba kuwa, ruwa kan sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, har ya ninka na Maiduguri kusan sau uku.

Dalilin yana ga tudu. Iskar damina tana tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da laima. In ta ci karo da tsauni dole ta hau, kuma duk hawan mita 1,000 zafinta kan ragu da kimanin digiri 6. Da ta yi sanyi sai laimar ta haɗu ta zama hadari, ruwa ya goce. Tsayin Mambila ya kai wajen mita 1,600, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, dutse mafi tsawo a Nijeriya.

Matafiyi daga Jalingo zuwa Mambila zai bi ta Bali da Serti, ya hau hanya mai kwane-kwane daga Mayo Selbe, ya wuce Nguroje kafin ya isa Gembu. Zai ga ƙoramu na gangarowa daga duwatsu, da garkunan shanun Fulani, da gonakin Mambilawa, da ganyen shayi a Kakara. Rigar sanyi dole ce.

Haka ma tudu ke jawo ruwan sama a tsaunukan Khasi na jihar Meghalaya a Indiya, inda garin Mawsynram ke samun fiye da milimita 11,000 a shekara.  Amma maƙwabcinsa Cherrapunji kan sha ƙarancin ruwa da rani, don inda daji ya ƙare, ruwa gangarewa yake yi, ba ya shiga ƙasa.

Saboda haka wajibi ne gwamnatin Taraba da mazauna Mambila su tsare dazuzzuka irin Ngel Nyaki daga sara da gobara.